Waƙar ruwan da yaran nan suka saki: ku saurare ta tukuna

Salamu alaikum ƴan uwana Damagarawa. Maganganun da nake ji a fada da cikin WhatsApp kan waƙar rap ɗin nan ta ruwa sun kai inda ba zan iya yin shiru ba. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, don mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran tana cikin damuwa da surutun mutane, kuma wanda ya ji waƙar ya san su.

Waƙa ɗaya ce tal. Samari uku suka haɗa kuɗin sitidiyo da guminsu: ɗaya ɗan kabu-kabu ne, ɗaya yana gyaran salula, na ukun ɗalibi ne a jami'ar André Salifou. Ba biki, ba talla. Sun tura ta a WhatsApp, sun kai wa masu tura waƙoƙi na bakin kasuwar Dole, shi ke nan. Kafin sati ya zagayo tana tashi a teburin mai shayi a Zango, tana tashi a salular ƴan kabu-kabu, yaran Birni da na Kara-Kara suna rera amshinta a layin famfo.

Me ta ƙunsa? Baiti na farko uwa ce da ke tashi tsakar dare ta kasa kunne ko famfo zai yi tari. Ta jera jarkoki, ta ɗora dutse a kan ta gaba don kada a ture mata layi, gari ya waye ba ɗigo. Ƴarta ta makara makaranta don an aike ta neman ruwa wata unguwa, malam ya kore ta a bakin aji. Wallahi da na ji wurin nan sai da jikina ya yi sanyi, don babu gidan da bai san wannan dutsen na kan jarka ba. Baiti na biyu tambaya ce: tun 2011 muke da matatar mai ta SORAZ mai iya tace ganga 20,000 a rana, ta yaya garin da ke ba ƙasa mai yake kwana da ƙishirwa?

Wannan matsalar ta ruwa ta girmi yaran. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Har ana lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Kakanninmu sun yi wannan kukan, iyayenmu sun yi.

To amma me aka tattauna bayan fitar waƙar? Wando. Askin kansu. Hular da ɗaya ya juya baya a hoto. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini waƙar ƴan iska ce, kwaikwayon Amurka. Na ce, Baba, ka saurare ta? Ya ce Allah ya kiyaye ya sa wannan a kunnensa. Abin da ke ci mini rai ke nan. An yanke hukunci ba a ji ta bakin wanda ake tuhuma ba, alhali a cikin waƙar babu batsa, babu ashar, babu tallar ƙwaya.

Gaskiya ne rap a Amurka aka haife shi, a unguwar Bronx ta New York, wajen 1973, cikin baƙar fata talakawa da aka manta da su. Amma magana mai gudu a kan kiɗa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokowa ya ji ɗan kokowa yana zuba kirari numfashi ɗaya ya san haka. Garin Ma'azu Ɗan Alalo ne fa nan, inda aka san mawaƙi da yabo kuma aka san shi da habaici. A Nijar ma, tun wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong da Lakal Kaney suka fara rap da Hausa da Zabarmanci da Faransanci kan cin hanci da auren dole da sida (ƙanjamau), mawaƙiya Zara Moussa kuma ta ɗauki maganar mata. Yaran nan kan wannan turbar suke.

Ina da nawa ƙorafin, kuma na faɗa musu ido da ido. Baiti na uku ya zalunci ƴan garuwa. Sun zarge su da tsawwala farashi kamar su suka ƙafar da famfo. Mutumin da ke tura kura mai jarka goma a ranar watan Afrilu, daga inda ya samo ruwa har ƙofar gidanka, ba shi ne abokin faɗanka ba. Shi ma layin ya bi, shi ma saye ya yi. Sannan kiɗan ya danne murya a wasu wurare, mai sitidiyon bai gyara da kyau ba.

Ku kuma masoya, ina da magana da ku. Kuna ta sa musu hoton wuta a Facebook, amma wa ya ba su ko dala? Mai tura waƙa ya karɓi dala 20 (sefa 100) ya zuba maka ita a kati, shi ya ci. Wani gidan rediyo da suka je sai da aka nemi su biya kafin a sa ta, su da ya kamata a biya. Har yau ɗan kabu-kabun cikinsu yana biyan bashin sitidiyo daga abin da ya samu a rana. Da yabo kaɗai ba za a yi waƙa ta biyu ba.

Na ba su shawara su yi wa waƙar rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa, kafin wani ya ɗauke ta ya sa a talla. Sun yarda za su sake baitin ƴan garuwa. Suna kuma neman wurin da za su yi wasa bayan Sallah. In Allah ya nufa aka yi, don Allah a biya kuɗin ƙofa, kada a haura katanga. Zan sayi tikiti biyu, ɗaya na Baban da ya ƙi saurare, in ya yarda ya zo.