Kafin a sayar da filin gado a tura ka mastas Ingila

Ƙannena masu burin aiki a manyan bankunan Landan ko kamfanonin cinikin hannun jari, ku zo mu gaya wa juna gaskiya, don na gaji da ganin yaro ya sa an sayar da fili an haɗa da kuɗin adashen uwarsa, ya tafi wata jami'a da ejan ya zaɓa masa, wai yana gamawa Goldman Sachs, babban bankin zuba jari na Amurka, za su kira shi.

Mutanen nan suna da makarantun da suke zuwa farauta. A Ingila su Oxford, Cambridge, LSE, Imperial, UCL da Warwick. A Amurka kuma su Harvard, Wharton, Princeton, MIT. Can suke aika ma'aikatansu su yi taro da ɗalibai, a sha shayi a yi musayar lamba, kuma galibi wanda aka aiko shi ma tsohon ɗalibin makarantar ne, to ka ga ai naka sai naka. Ba wai duk ɗan Oxford ya fi ka kai ba ne, a'a, takardun neman aiki ne sun yi musu yawa, mai tacewa ba shi da lokacin sanin kowa, sai ya leƙa sunan makaranta ya wuce.

Abin da ya fi ba ni haushi ma maganar lokaci ce, don nan ake cin namu da yawa. A Landan tun ɗalibi na ajin farko ake ɗaukarsa sati guda lokacin hutun Ista ya ga yadda banki yake, daga nan a ba shi aikin koyo na kamar sati 10 da bazara, daga cikinsu ake cike yawancin gurabe. Kai kuma mastas ɗinka shekara ɗaya ce, ka sauka a Satumba kana fama da neman ɗaki da rigar sanyi, alhali a watan ne ake tsaka da karɓar takardu. Na san wani ɗan unguwarmu, yaro mai ƙoƙari wallahi, sai da ya miƙa furojet ɗinsa sannan ya buɗe shafin neman aiki, ya tarar an rufe tun bara. Yanzu kaya yake jerawa a wani sito da daddare.

Amma fa ƙofar ba a kulle take gaba ɗaya ba. Tun 2016 Goldman Sachs suka mayar da intabiyun zagayen farko na ɗaliban digiri zuwa bidiyo, don su kai ga makarantun da ba sa zuwa. Deloitte na Ingila, babban kamfanin akanta, a 2015 suka fara ɓoye wa masu intabiyu sunan makarantar mai nema. Su kuma kamfanonin ciniki da lissafi irin su Optiver na Amsterdam da Jane Street, jarrabawa suke sa wa mutum a gaba, ta Optiver da aka fi sani tambaya 80 ce cikin minti 8 ba kalkuleta, nan ko daga BUK ka fito ko daga Cambridge agogo ɗaya ne. Duk da haka kar ka ruɗi kanka, da yawa daga masu tsallakewa sun daɗe suna gasar lissafi tun sakandare.

To in har tafiyar za ka yi, kafin ka biya ko sisi shiga LinkedIn ka rubuta sunan jami'ar da na kamfanin da kake so, ka ƙirga mutum nawa suka bi ta nan suka shiga. In ka ga biyu ko uku, ka tambayi ejan ɗin nawa makarantar ke ba shi a kanka. In kuɗinka ba su kai babbar makaranta ba, gara ka zauna ka fito da 2:1 mai kyau, ka iya Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) da Excel, ka fara CFA (jarrabawar ƙwararru a harkar zuba jari) matakin farko. Jane Street ma kusan duk wata suna saka wasan ƙwaƙwalwa a shafinsu, kyauta ne, suna kuma buga sunayen waɗanda suka warware, je ka gwada na wannan watan ka ga inda kake.