Baƙin Gilashi: A Ingila Haske Ake Aunawa, A Gida Mutum Ake Aunawa

Mutanenmu suna ɗauka dokar Ingila ta fi ta Najeriya zafi a kan baƙin gilashin mota. A takarda dai, tamu ce mai zafin. Dokar da gwamnatin soja ta kafa a 1991, wadda har yau tana nan cikin kundin dokokin tarayya, ta hana sa duhu a kowane gilashi na mota, gaba ko baya, muddin zai hana a ga wanda ke ciki, sai fa idan Sufeto Janar na 'yan sanda ya ba ka izini bisa dalilin lafiya ko tsaro. Hukuncin mai laifi tarar naira 2,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A nan Ingila kuwa, gilashin baya da na ƙofofin baya naka ne. Ka ga dama ka mai da su baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, babu wanda zai ce maka kanzil.

Amma ka tsaya a bakin titi a Leeds ka ƙirga motoci, da wuya ka ga wadda ba ka hango fuskar direbanta. Sannan ka tuna titin Gidan Zoo a Kano, ko Wuse a Abuja, inda mota za ta wuce ka ba ka san ko mutum ne a ciki ko buhun gero ba. Doka mai sauƙi ana bin ta, mai zafi kuma ta zama abin ciniki a shingen hanya.

Dokar Ingila ƙididdiga ce kawai. Duk motar da aka fara hawa daga 1 ga Afrilu 1985 zuwa yau, dole gilashin gabanta ya bar aƙalla kashi 75 cikin ɗari na haske ya ratsa, na ƙofar direba da na mai zaman gaba kuma kashi 70. Iyakarta ke nan. Ba a tambayar ko kai wane ne, ko ɗan wane ne, ko kana da maƙiya. Abin da yawancin sababbin zuwa ba su sani ba shi ne, gilashin da mota ke fitowa da shi daga kamfani ya riga ya ci wani kaso na hasken, yana dab da iyakar. Saboda haka kusan duk ledar da ka manna a gaba, ko da mai ruwan toka ce da ido ba ya ganin duhunta sosai, za ta iya jefa ka ƙasa da layi. Kuma laifin bai tsaya kan mai mota ba: wanda ya manna, da wanda ya sayar da mota a haka, su ma sun taka doka.

Na taɓa ganin yadda ake awon a gefen wani babban titi, ranar da 'yan sanda da jami'an DVSA, hukumar da ke duba lafiyar motoci, suka fito aiki tare. Jami'in ya sa wani saurayi ya sauke gilashinsa rabi, ya ɗauko 'yar na'ura mai baki biyu, ya manna ɗaya ciki ɗaya waje, ya danna. Lamba ta fito. Ya juya na'urar ya nuna wa yaron da kansa. Babu ɗaga murya, babu “ka san ko ni wane ne”. Can sai ga saurayin nan a tsugune yana kankare leda da farce, tana yagewa guntu-guntu, gam ɗin yana manne masa a yatsu, iska mai sanyi tana kaɗa shi. Idan duhun ya yi yawa suna iya hana motar motsawa sai an cire, su haɗa maka da tara, ko su aika ka kotu.

Dalilinsu kuma ba tsaro ba ne, gani ne. A watan Disamba rana tana faɗuwa a arewacin Ingila kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga yayyafi, ga masu keke da masu babur suna ɓullowa ta gefe a mahaɗa. Mai tafiya a ƙasa ma sai ya haɗa ido da direba kafin ya sa ƙafa a kan titi.

Sai dai kada a ɗauka tsoron ɗan sanda ne ya tsare mutanen nan. Kana iya yin shekaru kana tuƙi a ƙasar nan ba a tsayar da kai ba, kuma gwajin MOT da ake yi wa mota duk shekara bayan ta cika uku ba ya auna duhun gilashi, abin da ni har yau nake gani sakaci ne. Wanda ake tsoro na gaske shi ne kamfanin inshora.

Lokacin da kake sayen inshora, cikin jerin tambayoyin akwai wadda ke cewa ko an yi wa motar wani canji daga yadda ta fito kamfani. Leda canji ce, ko da a gilashin baya take inda doka ta halatta. Mutum sai ya danna “a'a” cikin hanzari, ko don bai ɗauki leda a bakin komai ba, ko don gudun ƙarin 'yan fam. Shiru, wata da watanni. Ranar da tsautsayi ya faɗa, kamfani ya turo injiniyansa duba motar, abin da zai fara rubutawa ke nan. Dokar 2012 da ta tsara abin da mai sayen inshora zai bayyana ta raba abin gida biyu. In sakaci ne, kamfani zai duba abin da da zai yi da ka faɗi gaskiya: in da zai ƙara maka kuɗi ne, sai ya rage diyyar gwargwadon haka, in kuma da ba zai karɓe ka ba sam, ya warware yarjejeniyar ya mayar maka da kuɗinka. In kuwa ya tabbatar da gangan ka ɓoye, zai soke inshorar kamar ba a taɓa yin ta ba, ya hana ka ko kwabo, ya kuma riƙe abin da ka biya.

Ba a nan ta tsaya ba. Wanda ka buge dole a biya shi, doka ta tsare masa wannan, amma kamfanin yana iya dawowa kanka neman abin da ya kashe, kuma jinyar mutum ɗaya da ya karye a ƙasar nan ta isa ta cinye gida. Bayan haka duk kamfanin da ka nufa sai ya tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora. Ga mai aikin kula da tsofaffi gida-gida, ko mai kai saƙo, ko direban Uber, wato rabin 'yan uwanmu da ke nan, wannan ba maganar ado ba ce, tukunyar gidansa ce.

Ba ina wanke kamfanonin ba ne. Suna da son hujjar ƙin biya, wani lokaci su kama abin da ba shi da alaƙa da hatsarin ko kaɗan su rataya a kai. Shi ya sa akwai ofishin sasanci na harkokin kuɗi da za ka kai ƙara kyauta, kuma yakan juya hukunci in ya ga an yi zalunci. Amma ko da son zuciyarsu, sun yi aikin da shinge dubu bai yi ba: sun sa mutum yana yi wa kansa ɗan sanda.

A gida fa? A Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da famit ɗin baƙin gilashi gaba ɗaya. A 2025 magajinsa Kayode Egbetokun ya dawo da shi, ta shafin intanet na 'yan sanda da ake kira POSSAP, da biyan kuɗi, da sabuntawa duk shekara. Aka yi ta ɗaga wa'adin fara kame har zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta garzaya kotu, wata babbar kotun tarayya a Warri ta ce kowa ya tsaya inda yake, 'yan sanda suka janye kamen. A duk wannan kai-komo ban ji an tsaya a kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba: duhu nawa ne duhu? Dokar ba ta faɗi lamba ba. Idon kofur ɗin da ya tare ka shi ne ma'auni, kuma idon nan yakan ga duhu sosai a motar talaka, ya ga haske tangaran a jerin gwanon mai girma.

“Malam, faka gefe. Ina famit ɗin tintet?”

“Yallaɓai, haka ta zo daga kamfani.”

“To kamfanin ne zai karɓe ka a ofis?”

Kuma mutumin gaskiya ya faɗa. Sienna da Highlander da sauran manyan motocin da ake shigo mana da su daga Amurka da duhun bayansu suke fitowa, domin ƙa'idar can ta yarda da hakan ga irinsu. Launin a cikin gilashin yake, ba leda ba ce balle a ɓare. Dokar 1991 ta ba mai irin wannan mota kwana 14 ya canza gilasan. Wa ya taɓa yi? Kwastan ta karɓi kuɗin fito, an yi mata lamba, an ba ta takardu, sannan a rana tsaka a ce mai ita ya zo ya nemi izinin abin da gwamnati ta gani da idonta ta bari ya shigo.

Na san hujjar 'yan sanda, kuma ba ta banza ba ce. An yi garkuwa da mutane a cikin irin motocin nan, an yi safarar makamai, 'yan wan-cans, masu fashi da sunan motar haya, sun addabi Abuja. Amma takarda ba ta ƙara wa gilashi haske. Motar da ke da famit duhunta ɗaya da wadda ba ta da shi, kuma mai satar mutane ya fi malamin firamare kuɗin yin famit. An bar jaki ana dukan taiki.

Su ma masu sa duhun ba duka 'yan gayu ba ne. Wanda bai taɓa shiga motar da ta wuni a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 sitiyari ya gagari taɓawa, bai kamata ya yi musu wa'azi ba. Akwai magidancin da sutura yake nema wa iyalinsa a kujerar baya, akwai mai gudun masu leƙen jaka da waya a cunkoso. Duk waɗannan buƙatun baya ne, kuma tsarin Ingila ya biya su ba tare da takarda ko ɗaya ba. Zafin ma ba baƙi ne ke tare shi ba. Ledar arha da ake manna mana a bakin kasuwa, da ruwan sabulu da reza da tsohon katin ATM ana goge kumfa, rini ce kawai. Shekara biyu ta koma shuɗi-shuɗi ta yi ƙuraje, da daddare kuma direba sai ya sauke gilashi kafin ya ga kwana. Akwai leda ta zamani da ke tare zafin rana ba tare da ta yi duhu can ba, tsada ce dai gare ta.

Inshorar da za ta iya shiga tsakani kuwa, a wajen yawancinmu takarda ce ta nuna wa jami'i. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshora, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar dukiya kuma ta kai har miliyan 3. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kamen marasa ita. Duk da haka, in aka yi karo a Kano, mutum nawa ne ke kiran kamfani? Jama'a ce za ta taru, a ba da haƙuri, a tafi wajen mai gyara a raba kuɗi, wani ma ya ce ya yafe. Wasu takardun ma na bogi ne, an haɗa su cikin kuɗin sabunta lasisi, mai motar bai taɓa duba lambarsa a NIID, rumbun tantance takardun inshora, ba. Wanda bai taɓa sa ran diyya ba, da me za ka tsorata shi? Masu ƙyamar inshora don addini ma yanzu ga takaful, inshorar tsarin Musulunci, ba su da uzuri kamar da.

Ni a ganina Majalisa ce ke da aikin, ba Sufeto Janar ba. A goge dokar sojan nan, a rubuta lamba. Ba lallai mu kwafi 70 na Ingila ba, ranarmu ba tasu ba ce. Masana su zauna su tsayar da abin da zai bar a ga fuskar direba da rana, shi kuma ya ga hanya da dare. A saki baya. A raba wa jami'ai na'urar awo, wadda kuɗinta bai kai na tayar motar sintiri huɗu ba, a bar famit ga masu larurar fata ko ido da likita ya tabbatar. Kuma lambar ta hau kan jerin gwanon gwamna kamar yadda za ta hau kan Golf ɗin ɗan kasuwar Kwari.

Ku kuma 'yan uwa da ke nan, musamman masu sayen mota ta hannu a Facebook: ku sauke gilashin gaba rabi ku shafa bakinsa na sama. In akwai leda za ku ji gaɓarta da farce, ɗan siririn layi ƙasa da bakin gilashin. In kun ji ta a gaba, a cire kafin ku biya. In a baya take, ku gaya wa kamfanin inshora, ta imel ba ta waya ba, ku adana amsar da suka ba ku.