Bagobiri a Bayan Labule

Wata rana cikin hunturu, Bagobiri ya taso daga Sabon Birni domin halartar ɗaurin aure a Abuja, kuma ɗan ƙanwarsa, Ɗan Boko, ya lallashe shi ya bar mota su hau jirgi. Suka isa filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato tun da hantsi, suka zauna jira.

BAGOBIRI: Kai yaro, kai ne ka ce mini tafiyar ba ta wuce sa'a ɗaya, ga shi har an kira azahar ban ga ko inuwar jirgi ba. Fasinja ne ba su cika ba, direban yake jiran lodi?

ƊAN BOKO: Kawu, jirgi ba ya jiran lodi. Hazo ne ya rufe gari, kuma doka ba ta yarda matuƙi ya sauka ba sai yana iya hango titin jirgi daga nesa, shi ya sa wanda zai ɗauke mu bai taso daga Abuja ba tukuna.

BAGOBIRI: Da tashar mota muka je tun asuba, da yanzu mun bar Talata Mafara da Gusau a baya muna neman Funtuwa, kuma da babu wanda ya raba ni da wuƙata.

ƊAN BOKO: Ba a raba ka da ita ba, Kawu, tana cikin jakar da aka auna aka shigar ɗakin kaya. Abin da aka hana shi ne mutum ya shiga cikin fasinjoji da makami. Hanyar mota kuwa ta fi kilomita 600, ta sama kuma kimanin 500 ce, babu shinge, babu kwana.

Sai bayan la'asar jirgin ya iso. Da suka shiga, Bagobiri ya ga kujeru masu faɗi a gaba, ya baza babbar rigarsa a kan ta farko, ya cire takalmi.

MA'AIKACIYA: Baba, sannu da zuwa. Don Allah ka nuna mini takardarka. Yawwa, kujerarka tana can baya, a layi na 21, ta tsakiya.

BAGOBIRI: 'Yata, ni na riga kowa isowa nan, kuma a ko'ina wanda ya riga zuwa shi yake zama gidan gaba.

MA'AIKACIYA: Waɗannan kujerun na masu babban tikiti ne, Baba. Naku na gama-gari ne.

BAGOBIRI: Gama-gari? Rago sukutum na sayar a kasuwa kafin kuɗin wannan takarda su cika. To, su masu babban tikitin sukan riga mu isa Abuja ne?

MA'AIKACIYA: Tare za ku isa, Baba.

BAGOBIRI: Ashe dai an cuce su.

Da wannan ya samu abin da ya sanyaya masa rai, ya ɗauki takalminsa ya bi Ɗan Boko. A kujerar taga kuwa sai ya tarar da taubashinsa, Bayarabe mai sayar da goro a babbar kasuwar Sakkwato, wanda ya shekara talatin a garin har Hausa ta zauna masa a baki.

BAYARABE: Lale marhabin da bawana! Wa ya ba ka izinin hawa jirgi ba ka zo ka gaishe da ubangidanka ba?

BAGOBIRI: Ka ji ikon Allah, bawa a bakin taga, ubangida a matse a tsakiya. Tashi ka ba jikan Bawa Jan Gwarzo wuri, ka ga gwiwoyina sun tokare kujerar gaba, rigata kuma rabinta tana jikinka, rabinta tana jikin yaron nan.

BAYARABE: Taga ba ta mai tsoro ba ce. Idan ka leƙa ka ga Gulbin Rima ya koma kamar zare, sai mun nemo ruwa mun yayyafa maka.

BAGOBIRI: Mu da kakanninmu suka riƙe Alkalawa da kibiya da mashi ne za a yi wa gorin tsoro?

MA'AIKACIYA: Jama'a, kowa ya ɗaura ɗamarar kujerarsa, ya miƙar da bayan kujera, ya kashe waya ko ya sa ta a tsarin jirgi.

BAGOBIRI: Yaro, laifin me muka yi da za a ɗaure mu? Su na gaban ma an ɗaure su?

ƊAN BOKO: Har matuƙin ma a ɗaure yake, Kawu. Saboda girgiza ne, kada mutum ya tashi sama kansa ya bugi rufi.

Ma'aikaciyar ta tsaya a tsakiyar hanya tana nuna ƙofofin fita, da takunkumin iska da yake faɗowa daga sama idan iskar cikin jirgi ta ragu, da kuma rigar ruwa da ke ƙarƙashin kowace kujera. Mutanen da suka saba tafiya ko kallonta ba su yi ba, wanda kuwa ba hali ne mai kyau ba. Bagobiri shi kaɗai ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga hannu.

BAGOBIRI: 'Yata, ina da tambaya. Tsakanin Sakkwato da Abuja wane teku ne da za a ba mu rigar ruwa? Ko akwai wata hanya da direban ya yi niyyar bi wadda ba a faɗa mana ba?

ƊAN BOKO: Kawu, ka rage murya. Ƙa'ida ce kawai, kuma ai akwai Kogin Kaduna da madatsar ruwa ta Shiroro a Jihar Neja, ba su da nisa da hanyar.

BAGOBIRI: Duk shekarun da na yi ina shiga mota, ban taɓa ganin yaron mota ya tsaya kafin a tashi yana koya wa mutane yadda za su yi idan ta kife ba.

Jirgi ya ja da baya, ya hau titi, ya yi ƙara, ya zabura da gudu, ya ɗaga hanci. Bagobiri ya rufe ido, ya damƙe hannun Bayarabe, yana karanta duk addu'ar da ya haddace tun yana makarantar allo.

BAYARABE: Jikan Bawa Jan Gwarzo, ka sakar mini hannu, da shi nake ƙirga goro.

BAGOBIRI: Riƙe ka na yi don kada ka firgita. Hakkin ubangida ne ya kula da bawansa a wurin da babu ƙasa. Yaro! Yaro, kunnuwana sun toshe, ina jin maganata kamar daga gidan maƙwabta take fitowa.

ƊAN BOKO: Ba komai ba ne, Kawu. Idan jirgi yana hawa, nauyin iskar da ke cikinsa yana raguwa, ita kuwa iskar da ke cikin kunne ba ta daidaita nan take ba. Ka haɗiye yawu, ko ka yi hamma, ko ka tauna wani abu.

BAYARABE: Ungo goro, daga Shagamu aka kawo mini shi jiya. Ka shaida a gaban jama'a cewa goron ƙasar Yarbawa ne ya buɗe kunnen Gobir.

BAGOBIRI: Haraji ne ka biya, kuma na karɓa. Ƙaro ɗaya, kunnen hagu bai buɗe ba.

Can sai aka ja labule tsakanin gaba da baya, ƙamshin abinci ya fara ratsowa, Bagobiri ya naɗe hannun riga ya gyara zama. Ma'aikaciyar ta turo ɗan kekenta, ta ajiye masa biskit guda da ƙaramar gorar ruwa.

BAGOBIRI: Madalla, 'yata. Wannan na wanke hannu ne, ko? To, a kawo tuwon, kuma idan akwai man shanu a saka.

MA'AIKACIYA: Shi ke nan abin da ake bayarwa, Baba, tunda tafiyar gajeriya ce.

BAGOBIRI: Wannan ƙamshin fa da yake fitowa daga bayan labule?

MA'AIKACIYA: Na masu babban tikiti ne.

BAGOBIRI: Na janye maganata ta ɗazu, yaro. Ba su aka cuta ba. Amma 'yata, ki gaya wa masu jirgin cewa a ƙasar Gobir idan za ka hana baƙo abinci, to ka hana shi har da ƙamshin.

Bai gama rufe baki ba jirgin ya yi girgiza, ruwan gorar ya zube masa a riga, fitilar ɗamara ta kunnu.

BAGOBIRI: Innalillahi! Ka ce babu shinge babu kwana, amma ba ka ce babu ramuka ba. Wane ɗan kwangila aka ba gyaran wannan hanya?

ƊAN BOKO: Iska ce kawai mai hawa da sauka muka ratsa, Kawu, kuma an ƙera jirgi ya jure abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

BAYARABE: Hannuna dai ba a ƙera shi ya jure ba.

Jim kaɗan matuƙi ya yi sanarwa cewa an fara gangarowa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgi ya tsaya, mutane suka miƙe gaba ɗaya suna jawo jakunkuna tun ba a buɗe ƙofa ba. Bagobiri bai motsa ba.

ƊAN BOKO: Kawu, mun iso Abuja. Ka kwance ɗamara mu sauka, don akwai sauran kusan kilomita 40 kafin mu shiga cikin gari, kuma sai mun ɗauki tasi.

BAGOBIRI: Wace Abuja? Ko goron bakina ban gama taunawa ba. Ina Zariya, ina Kaduna, ina wurin da ake tsayawa a yi salla a sayi tsire? Rago guda na bayar, kuma abin da na gani zuwa yanzu bai kai kuɗin ƙafarsa ɗaya ba.

MA'AIKACIYA: Baba, kowa ya fita, kuma jirgin zai ɗauki wasu fasinjoji.

BAGOBIRI: Su shigo mana, 'yata, ai ban hana su ba. Amma tunda na gaban sun sauka, ki ja labulen nan, ki duba ko sun rage wani abu a kwano.