Bidiyon da aka goge amma ya ƙi tafiya

Babu abin da ke ɓata mini rai a aiki da Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayilolin aiki, kamar yadda yake riƙe babban fayil. Wani abokin aikinmu ya saka bidiyo mai nauyin megabayit 300 a ma'ajiyar aikinmu, washegari ya gane kuskurensa ya goge shi, amma nauyin bai ragu ko kaɗan ba, domin Git ba ya mantuwa, kuma duk wanda ya kwafi ma'ajiyar sai ya sauke tarihinta gaba ɗaya. Ni da nake sayen data da kuɗin aljihuna, haka na zauna ina kallon lambobi suna tafiyar hawainiya saboda bidiyon da babu mai buƙatarsa.

Da muka tashi mayar da aikin GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, sai ya ƙi karɓa, tunda ba ya amincewa da fayil da ya wuce megabayit 100. Aka ce mu koma Git LFS, wanda ke ajiye manyan fayiloli a gefe ya bar 'yar alama a madadinsu. Wannan ma bai taɓa tsohon tarihin ba, sai da muka sake rubuta shi, kowa ya share kwafinsa ya sake saukewa daga farko.