Ridda gaskiya ce, kuma mu da ke cikin ikilisiya ake yi wa kashedin

Ku daina turo mini bidiyon nan, na gani, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya tsaya a gaban ɗaki cike da matasa, Littafi Mai Tsarki a hannunsa, ya ce duk wanda ya taɓa ɗaga hannu ya maimaita addu'ar karɓar Yesu, shi ke nan, magana ta ƙare. Ko gobe ya musanci Almasihu, ko ya mutu yana zaginsa, wai sama tasa ce. Jama'a kuwa sai tafi, sai "Amin". Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin waɗansu manyanmu, waɗanda suka fi ni sanin Nassi nesa ba kusa ba, suna yaɗa shi suna cewa koyarwa mai zurfi ce. Wane zurfi? Ƙarya ce mai daɗin ji, kuma rayukan yara ake wasa da su.

Tambaya ɗaya nake so a amsa mini. In ba zai yiwu mai bi ya juya wa Almasihu baya ba, wa ake yi wa kashedin da ya cika Sabon Alkawari? Ba mai yi wa fili shinge yana cewa a yi hankali da rijiya alhali babu rijiyar. Allah ba ya barazanar wofi.

Ku buɗe Ibraniyawa 3:12. Marubucin ya ce musu su yi hankali kada a sami muguwar zuciya marar bangaskiya a cikin waninsu, wadda za ta sa shi ya bijire wa Allah Rayayye. Da wane suna ya kira su? 'Yan'uwa. A farkon surar ma ya ce da su 'yan'uwa tsarkaka, masu rabo a kiran nan na sama. Ku je sura ta 10, daga aya ta 32, ku ga ko su wane ne mutanen nan. An ci mutuncinsu a bainar jama'a saboda bangaskiya. Sun tsaya tare da waɗanda aka kulle a kurkuku. An ƙwace musu dukiya, suka karɓi asarar da farin ciki domin sun san suna da abin da ya fi ta. Ka kwatanta mutumin da ya tsaya yana kallo ana kwashe kayan gidansa saboda sunan Yesu, bai ja da baya ba. To, shi ne ake ce wa kada ya yar da gabagaɗinsa. Shi ne ake ce wa ya yi hankali. Kai da ba a taɓa ƙwace maka ko allura ba saboda bishara, kai ne ka fi ƙarfin kashedi?

Sura ta 6 kuwa ba ta bar wa kowa wurin ɓuya ba. Daga aya ta 4 zuwa ta 6 an bayyana mutanen dalla-dalla: an haskaka su, sun ɗanɗana baiwar sama, sun yi tarayya da Ruhu Mai Tsarki, sun ɗanɗana daɗin Maganar Allah da ikon zamani mai zuwa. Bayan duk wannan ne aka ce sun yi ridda. Na san abin da za a ce, wai ɗanɗanawa kawai suka yi, ba su haɗiye ba. Haba ɗan'uwa! Wasiƙar nan ɗaya ta ce a 2:9 Yesu ya ɗanɗana mutuwa domin kowa. Lasa ya yi ya tofar? Mutuwa ya yi ta gaske, aka sa shi a kabari. A 10:29 kuma an yi maganar wanda ya tattake Ɗan Allah, ya mai da jinin alkawarin da aka tsarkake shi da shi abin banza. Da aka tsarkake shi da shi. Ku karanta wannan da kyau.

Yanzu bari in yi magana a hankali, domin na san akwai masu karanta wannan da gabansu ke faɗuwa. Ridda a Littafi Mai Tsarki ba kowane zunubi ba ne. Ba fushin da ka yi jiya ba ne, ba shakkar da ta taso maka da dare ba ce, ba kuma jarabar da ta sake kayar da kai bayan ka yi alkawarin ba za ka koma ba. Ridda ita ce mutum ya san gaskiya, ya shiga cikinta, sa'an nan da idonsa biyu, da gangan, ya ce ba ruwansa da Almasihu, ya kuma dawwama a kan haka.

Ku dubi Bitrus. Dare ne, ana sanyi, an hura wutar gawayi a farfajiyar babban firist, yana tsaye yana jin ɗumi cikin bayi da dogarai. Wata baranya ta ƙura masa ido a hasken wutar ta ce wannan ma yana tare da shi. Ya musa. Aka sake, ya sake. A karo na uku har da rantsuwa da la'antar kai, ya ce bai san mutumin ba. Zakara ya yi cara. Luka 22:61 ya ce Ubangiji ya juya ya dubi Bitrus. Ya fita waje ya yi kuka mai zafi. Faɗuwa ce mai muni, amma zuciyarsa ba ta rabu da Ubangijinsa ba, kuma a bakin teku, kusa da wata wutar gawayin, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya damƙa masa tumaki. In kana kuka a kan zunubinka, in kana marmarin komawa, ƙofa a buɗe take, tashi ka koma yau. 1 Yahaya 1:9 naka ne. Wanda ya yi ridda ta ainihi ba ya kuka, ba ya neman hanyar gida, domin ya riga ya raina gidan da mai gidan.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ta'aziyyar ya mai da ita izinin yin abin da ya ga dama. Hanyar ridda ba da tsalle ɗaya ake shiganta ba. Ibraniyawa 2:1 ta ce kada mu zakuɗa daga abin da muka ji. Ibraniyawa 3:13 ta yi maganar zuciya da ke taurarewa ta yaudarar zunubi. Yau ka bar addu'a, gobe ka bar taron 'yan'uwa, jibi ka sami zunubin da kake so fiye da Yesu, sai ka fara neman hujjar da za ta ba ka damar riƙe shi. Wata rana ka farka ka tarar abin da kake kuka a kai dā, yanzu dariya yake ba ka. Shi ya sa aka ce a riƙa gargaɗin juna kowace rana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na san ayoyin da za ku jero mini, na kuma gaskata su duka. Yahaya 10:28, ba mai ƙwace su daga hannuna. Amin! Shaiɗan ba ya iyawa, tsanani ba ya iyawa. Amma ku hau aya ɗaya sama, ta 27, ku ga su wane ne tumakin: masu jin muryarsa, masu binsa. Alkawarin na masu bi ne, kuma Yesun nan ne ya ce a Yahaya 15:6 wanda bai zauna a cikinsa ba, za a yar da shi kamar reshe ya bushe. Romawa 8, ba abin da zai raba mu da ƙaunar Allah. Amin! Bulus ɗin da ya rubuta wannan, shi ne a 11:20 zuwa 22 ya ce wa masu bi 'yan Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kada su yi girmankai, su ji tsoro, su zauna cikin alherin Allah, in ba haka ba su ma za a datse su. Wasiƙa ɗaya, marubuci ɗaya, surori biyu kacal a tsakani. Don me kuke son Bulus na sura ta 8, kuna gudun Bulus na sura ta 11?

Sai kuma 1 Yahaya 2:19, sun fita daga cikinmu amma ba namu ba ne. I, akwai irinsu, Yahaya yana maganar magabtan Almasihu masu musun cewa Yesu shi ne Almasihu. Amma wannan aya ba ta share Luka 8:13 ba, inda Yesu da bakinsa ya ce akwai masu ba da gaskiya na ɗan lokaci, sa'ad da gwaji ya zo sai su ja da baya. Ba ta share 1 Timoti 4:1 ba, inda Ruhu ya faɗa a fili waɗansu za su bar bangaskiya. Ba a barin wurin da ba a taɓa shiga ba. Ba ta share Galatiyawa 5:4 ba, inda Bulus ya ce wa masu neman kuɓuta ta Shari'a sun yanke daga Almasihu, sun fāɗi daga alheri. Masu cewa ina koyar da ceto ta wurin ayyuka kuwa, ba ni da lokacinku. Ceto kyauta ne, ta wurin bangaskiya, daga farko har ƙarshe. Abin da nake cewa shi ne bangaskiyar da take ceto ita ce wadda take ci gaba da riƙe Almasihu, wanda ya jure har ƙarshe shi zai tsira, Matiyu 24:13.

Kada ma a ɓuya a bayan manyan malaman tauhidi. Muhawarar nan tsohuwa ce. Almajiran malamin tauhidi Arminiyus, masu shakkar koyarwar cewa mai bi ba zai taɓa fāɗuwa daga alheri ba, sun gabatar da matsayinsu a Holan a 1610, aka yi babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, aka yanke cewa Allah yana kiyaye zaɓaɓɓunsa har ƙarshe. Ina da saɓani da malaman Dort a wasu wurare, amma ina girmama su, domin ba su taɓa koyar da abin da ke cikin bidiyon nan ba. Sun rubuta cewa Allah yana kiyaye nasa ta wurin jin bishara da karanta ta, ta wurin gargaɗinta, da kashedinta, da alkawaranta. A wurinsu wanda ya mutu yana musun Almasihu ɓatacce ne, sai dai su ce dā ma ba a sāke haifarsa ba. Wesle, jagoran Metodis, da mabiyansa su ce ya sami ceto ya yar. Ko ta wace hanya ka bi, ƙarshen mutumin ɗaya ne. Ba ɓangaren da ya ba mai ridda tikitin sama. Wannan sabon abu ne na masu ƙirga hannayen da aka ɗaga.

Ikilisiyar farko ba ta ɗauki ridda da wasa ba. A shekara ta 250 Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. Kiristoci da yawa suka je suka yi, waɗansu suka sayi takardar da kuɗi ba tare da yin hadayar ba, waɗansu suka ƙi aka kashe su. Da tsananin ya lafa, waɗanda suka fāɗi suka dawo suna roƙo. Ba wanda ya ce musu ba kome, ai kun taɓa karɓar Yesu. Nobatiyan, wani firist a Roma, ya ce kada a karɓe su sam. Sifiriyan, bishop na Kartaj, da taron da suka yi a 251, suka ce a karɓe su bayan tuba ta gaske, gwargwadon nauyin laifin kowa. Ikilisiya ta bi Sifiriyan, kuma ta yi daidai. Shi kansa an fille masa kai a 258 domin ya ƙi yin hadayar nan. In musun Almasihu ba ya taɓa ceto, don me mutumin nan ya ba da wuyansa?

Tun da na taɓo maganar karɓar masu dawowa, mu ma muna da laifi babba a nan. Mutum ya ɓace daga sujada, ba mai ɗaga waya ya kira shi, ba mai taka ƙafa ya je ya gan shi, sai dai a zauna ana gardama ko dā ma yana da ceto ko ba shi da shi. Yakubu 5:19 da 20 bai ce a kafa kwamitin tantance shi ba. Ya ce in wani a cikinku ya bauɗe wa gaskiya, wani ya komo da shi, ya ceci rai daga mutuwa. A 2 Timoti 4:10 Bulus yana kukan Dimas, abokin aikinsa na dā, ya yashe shi saboda ƙaunar duniyar nan. A aya ta gaba, ta 11, ya ce a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi, Markus ɗin da ya gudu ya bar su a Bamfiliya, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa. Barnaba ne ya ƙi sakin yaron.

Kuma don Allah, shugabannin nazarin Littafi Mai Tsarki, me Ibraniyawa ta yi muku? Shekara da shekaru ana zagaya Zabura 23 da Filibiyawa 4:13, an bar wannan wasiƙar tana shan ƙura. Da an fara ta, a kai sura ta 7, a ci karo da Malkisadik, sai a ce ta yi wuya a koma wani littafi. Surori 13 ne kawai, ana iya karanta ta da murya daga farko zuwa ƙarshe cikin ƙasa da awa ɗaya, marubucin ma da kansa ya ce a taƙaice ya rubuta. Malkisadik kuwa ba abin tsoro ba ne, labarinsa yana Farawa 14 da Zabura 110, ku karanta waɗannan biyun tukuna sa'an nan ku dawo sura ta 7.