Ranar da na yi wa kwabon Kaka wanka

Da aka zo rabon tarkacen Kaka, Allah ya jiƙanta, ni wani gwangwanin madara ne rabona, cike da kuɗin zamanin da: anini, kwabo mai huji, sisi da sule. Wasunsu tun kafin naira ta zo a 1973 aka manta da su. Duk sun yi baƙi ƙirin. Abokina ya ce masu tara irinsu suna ba da kuɗi mai tsoka. Na ce to, wa zai sayi kaya da dauɗa?

Ni da ko cokali ban taɓa wankewa a gidana ba, na zauna da toka da lemun tsami da soson ƙarfen uwargida, na yi ta dirza har la'asar. Ta leƙo ta ce, "Malam, in ka gama ga tukunyar tuwo nan."

Washegari na nufi Kasuwar Kurmi, na zazzage su gaban wani dattijo mai kayan tarihi, suna walƙiya. Ya ɗauki ɗaya, ya sa gilashin ƙara girma, ya karkata shi wajen haske.

"Ɗana, wane maƙiyinka ne ya yi maka wannan aikin?"

Na ce yara ne, Baba.

Ya miƙo mini gilashin. Sai ga siraran zane-zane reras, duk sun nufi gefe guda. Ya ce gogar hannun mutane ba ta da tsari, soso ne ke yin layi. Ya nuna mini lungun haruffa da kusurwoyin tauraron da ke jikin kuɗin, baƙin yana nan daram, fili kuwa fes. Kwabon tagulla na 1952, mai sunan Sarki Joji na shida, tsamin lemo ya mayar da shi ja-ja kamar ɗanyen nama. Ƙyallin asali, in ji shi, zagayawa yake in ka juya kuɗin. Nawa ƙyallin tasa ne. Ashe baƙin nan da na kashe yini ina kankarewa, shi ake saye.

"Yaran nan da ƙwazo suke," ya ce, yana kallon tokar da ke ƙarƙashin farcena.

Anini ɗaya ne ya tsira, wanda ya manne a gindin gwangwani ban gan shi ba. Shi kaɗai ya saya. Na biya kuɗin keke, na cika sauran daga aljihuna na saya wa uwargida sabon soso.