Kuɗin Gonar Ke Nan Duka?

Ƙannena matasa, maza da mata, bari in fara tona wa kaina asiri kafin in taɓa kowa.

Shekarar da aka ba ni riƙon littafin kuɗi na ƙungiyar matasa a majami'armu, an haɗa sujadar godiyar kaka da neman gudummawar rufin sabon gini. Kun san yadda ranar take. Buhunan masara da dawa jingine a gaban bagade, doya a jere, kaji ɗaure da ƙafa suna ta fuffuka, akuya a bakin ƙofa tana kuka kamar ta san abin da ke jiranta. 'Yan Zumuntar Mata sun sha anko suna kaɗa tulu. Da aka zo kan alkawari, wani abokina ya miƙe ya ce naira dubu goma, aka tafa masa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce dubu ashirin. Majami'a ta ɗauki tafi, wata 'yar kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, da na daɗe ina so ta san da zamana ta waigo ta dube ni. A aljihuna kuwa ko dubu biyu babu.

Bayan wata biyu na biya dubu uku. Da yake ni ke karɓar alkawarin matasa in miƙa wa kwamitin gini a dunƙule, sai na ja layi a kan sunana yadda nake ja wa waɗanda suka gama biya. Babu wanda ya tambaya. Na ci gaba da jagorantar addu'a, na ci gaba da cin Jibin Ubangiji, har ana nuna ni ana ce wa yara su yi koyi.

Ba wa'azin fasto ne ya kama ni ba. Karatu aka ba ni in yi wata Lahadi, Ayyukan Manzanni sura 5, ina tsaye a gaban jama'a ina karanta labarin kaina da bakina.

Ku koma ku karanta shi, amma ku fara daga ƙarshen sura 4. Akwai wani Balawi mutumin Kubrus, sunansa Yusufu, manzanni suka sa masa Barnaba, wato mai ƙarfafa zuciya. Ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin ya ajiye a gaban manzanni. Sai Hananiya da matarsa Safiratu suka sayar da tasu, suka ɓoye wani kashi, suka kawo saura kamar shi ke nan duka. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne tambayar Bitrus. Ya ce masa, kafin ka sayar ba taka ba ce? Bayan ka sayar, kuɗin ba a hannunka suke ba? Wato babu wanda ya tilasta masa. Da ya riƙe gonarsa, ba laifi. Da ya kawo rabi ya ce ga rabi, da an karɓa an sa masa albarka. Sunan Barnaba yake so, a farashi mai rahusa. Bitrus ya ce masa Allah ya yi wa ƙarya, ba mutane ba, ya faɗi matacce. Wajen sa'a uku bayan haka matar ta shigo, ba ta san abin da ya faru ba, aka tambaye ta ko kuɗin gonar ke nan, aka ba ta ƙofar tsira a buɗe, ta ce i, haka ne.

Su wa suka naɗe gawar Hananiya suka kai ta kabari, suka dawo suka tarar da ta matarsa? Samari ne. Matasan ikkilisiyar farko, sa'o'inku. Ina yawan tunanin abin da suka tattauna a hanyar dawowa daga maƙabarta, da ƙasa a hannuwansu.

Mu da muke sujada da Hausa muna da wani abu a bakinmu da ya kamata ya tsorata mu. Ku dubi kalmar bangaskiya. Ba da gaskiya ke nan. Idan mai shiga baftisma ya tsaya a bakin ruwa aka tambaye shi, cewa yake na ba da gaskiya. Tun da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kakanninmu a Wusasa da Gindiri da Garkida da Kagoro da wannan kalma suka koyi bin Yesu. To, yaya mutum zai ba da abin da ba shi da shi? Wanda bakinsa ya saba da ƙarya daga Litinin zuwa Asabar, wace gaskiya zai miƙa ranar Lahadi?

Ɗauki lokacin shaida. Wannan wuri ne mai tsarki, amma mun mai da shi fagen gasa. Ciwon kai ne ya kama ka, ka sha magani ka warke, sai ka hau gaba ka ce likitoci sun cire rai da kai. Kawunka ne ya kai takardunka ofishin abokinsa aka ɗauke ka aiki, sai ka ce ba ka san kowa ba, wasiƙa kawai ta faɗo maka daga sama. Kana ganin gishiri kake ƙara wa girman Allah. Allah ba ya bukatar gishirinka. Ka kuma tuna da yaron da ke zaune a benci na uku, shekara huɗu da gama bautar ƙasa, ya yi azumi ya yi addu'a, ba shi da kawu. Ya koma gida yana tambayar kansa wane zunubi ya yi da Allah ya tsallake shi. Ƙaryarka ce ta sa masa wannan kaya. Da ka ce Allah ya ba ni kawu mai zumunci, na gode masa, ai shaida ce cikakkiya.

Sai maganar waya. Ba ni da faɗa da ɗaukar hoto, ni ma ina da Facebook. Amma idan kin ɗaga hannu ɗaya sama kina hawaye, ɗayan hannun yana riƙe da waya yana gyara inda haske zai faɗo a fuskarki, sai ki tambayi kanki wa kike yi wa waƙar. A Matiyu sura 6 Yesu ya ɗauki abubuwa uku da kowa ya yarda ibada ce, sadaka da addu'a da azumi, ya ce masu yin su don ganin ido sun riga sun karɓi ladansu. Tafin da aka yi mini ranar godiyar kaka, shi ne ladana duka, an biya ni nan take, babu saura. Kalmar Helenanci da aka fassara mana da munafuki, asalinta sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, wanda yake hawa dandali ya zama wani mutum dabam har a tashi. Da na ji wannan sai na fahimci gajiyar da nake ji kowace Lahadi da yamma. Wasa yana gajiyarwa.

Amma inda gaskiyar sujada take bayyana sosai, kasuwa ce. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi wa mutanen da ba sa fashin ibada magana. Suna kiyaye Asabar sarai. Sai dai a sura 8 ya fallasa abin da ke zuciyarsu: suna zaune suna ƙosawa yaushe Asabar za ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara farashi, su yi algus a ma'auni, har ƙaiƙayi su haɗa su sayar. A sura 5 Allah ya ce musu su ɗauke masa hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari kiɗan molayensu ba. Ku 'yan kwaya da masu kiɗa, ku karanta wannan a hankali. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, manjan da aka haɗa da wani abu, wayar da ka gyara ka sa mata tsohon kaya ka karɓi kuɗin sabo, satar amsar da aka naɗe a safa bayan an gama addu'ar riƙe hannu a ƙofar ɗakin jarrabawa, shekarun da aka zaftare a takardar rantsuwa, duka suna shiga majami'a tare da kai su zauna a gefenka. Maƙwabcinmu da ba ya zuwa coci ba zai taɓa jin yadda muke jan murya ba. Mudunmu yake gani, da ranar da muka ce za mu biya bashi.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma na faɗa. Idan na fito na faɗi gaskiya, me zai biyo baya? Za a kira ni gaban dattawa, a sa ni ƙarƙashin horo, a sanar, in koma bencin baya, uwata ta kasa ɗaga kai a Zumuntar Mata. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma iyayenmu dattawa, da girmamawa, akwai naku kason a nan. Mun ga inda yarinya ta zauna a bencin baya wata shida da ciki, wanda ya yi mata shi yana gaba yana kaɗa jita, don shi jikinsa ba ya nunawa. Mun ga inda mai kuɗi ya yi abin da kowa ya sani aka kau da kai, saboda shi ya sayi janareta. Matasa suna kallo, kuma darasin da suke ɗauka shi ne laifi ba komai ba ne, a kama ka ne matsala. Ikkilisiyar da ta fi hukunta wanda ya furta fiye da wanda ya ɓoye, ita da kanta take renon su Hananiya. Duk da haka, ƙanena, kuskuren dattawa ba zai zama maka mafaka ba. Ba sai ka hau mumbari ka yi shela ba. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna laifofinmu, mu yi wa juna addu'a. Nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri mai tsoron Allah, ka fara da shi.

Akwai wata ƙarya kuma da ba ma ɗaukarta ƙarya, har yabonta muke yi. Ita ce ta cewa lafiya lau alhali ciki na ƙuna. A 2014 an kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a wannan shekarar kuma aka mamaye hedkwatar ekklesiyar a Kwarhi, mutanen Michika da Mubi suka watsu. Cikinku akwai waɗanda suka binne iyaye a Filato, a Kudancin Kaduna, a Binuwai. Wasunku har yau in an ce Allah nagari ne, bakinku yana amsawa, zuciyarku tana shiru. Kada ku ɗauka wannan shirun ya fitar da ku daga bangaskiya. Zabura 88 addu'a ce daga farko har ƙarshe, kuma a cikin duhu ta ƙare, babu haleluya ko ɗaya, aka bar ta a cikin Littafi. Habakuk ya tambayi Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a ji shi ba. Uban yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9 ya ce ya ba da gaskiya, a numfashi guda kuma ya roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu ya warkar masa da ɗa. Toma ya ce sai ya gani, bayan kwana takwas aka nuna masa hannuwan. Ba ɗaya daga cikinsu da aka kora. Wanda ya faɗi matacce shi ne wanda ya zo da fuska a gyare da lissafi a karkace.

Har ma maganar nan da muke yawan rubutawa a allon taro, cewa a yi wa Allah sujada cikin ruhu da gaskiya, ku duba wa aka faɗa wa ita. Wata Basamariya ce a bakin rijiyar Yakubu da tsakar rana. Yesu ya ce ta kira mijinta, ta ce ba ta da miji, ya ce ta faɗi daidai, ta yi biyar, wanda take tare da shi yanzu ba mijinta ba ne. Nan da nan ta juya zancen zuwa gardamar wuri, a kan wannan dutse za a yi sujada ko a Urushalima. Mu ma mun iya wannan kwana. Da zarar magana ta zo kusa da gida sai mu koma kan wace ikkilisiya ce ta fi, ECWA ko COCIN, baftismar nutsarwa ko ta yayyafi, wa ya fi wa Ruhu.

Ni dai shekara biyu na yi da layin nan a kan sunana. Wata Asabar da yamma na ɗauki tsohon littafin na tafi gidan dattijon da ya shugabanci kwamitin gini. Na same shi a ƙofar gida yana ɓarzar gyaɗa a faranti. Na gaishe shi, na durƙusa, na buɗe shafin, na ce, "Baba, wannan layin ƙarya ne, ni na ja shi. Dubu uku na biya." Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗana, ai ranar da ka miƙe na san albashinka. Na yi ta jira ka zo ka ce a rage maka." Ya tambaye ni nawa zan iya a wata ba tare da na ci bashi ba. Na ce dubu ɗaya. Ya ce in rubuta haka da hannuna a ƙasan shafin, in sa kwanan wata. Wata goma sha bakwai na yi ina kai masa, a ambulan, bayan an tashi sujada, a bayan ginin da aka riga aka rufe da kuɗin wasu. Ranar da na kai na ƙarshe ya karɓi biro daga hannuna, shi ya ja layin.